Lungun da Yaya Sale ya zauna a Kurudu

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Sale, kuma har yau idan na shiga lungun gidansa a Kurudu sai na tuna ranar da muka fito da shi.

Tafinta ne a wata ma'aikata. Lokacin da gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja ya biyo ofishinsu, ni kuma na biyo shi ina neman aiki. A bakinsa na fara jin kalmar straits, yana fassara labarin jiragen ruwa. Ya ce ainihinta siririn mashigin teku ne tsakanin ƙasa biyu, amma Bature kan faɗe ta ga mutumin da duniya ta matse. "Mu ma haka muke yi da ƙunci," in ji shi. "Ɗaki ya yi ƙunci, zuciya ta yi ƙunci."

Ya yi murna da faffaɗan titunan sabon birni, sai dai kuɗin haya ya tura mu Kurudu. Da farko gonaki ne kewaye da mu. Sannu a hankali kowa ya riƙa turo katangarsa, har hanya ta koma ta mutum ɗaya da babur.

Ranar da ya yanke jiki ya faɗi, da hantsi ne. Motar da za ta kai shi asibiti ta zo ta tsaya a bakin titi, ta kasa shigowa. Maƙwabcinmu Baba Danladi, manomi ɗan asalin wurin, ya ɓalle ƙyauren nasa ɗakin muka ɗora Yaya a kai. Wurin shan kwanar lungun sai da muka karkata shi. Ina jin numfashinsa a kunnena. Bai kai asibiti ba.

Me zai ce da ya ga lungun yanzu? An ƙara shaguna, an haƙa kwata a tsakiya. 'Yarsa Hauwa tana zaune a gidan da tsohon ciki, likita kuma ya ce jininta yana hawa. Duk wayar da ta shigo mini, sai na duba sunan kafin na iya numfashi.

Ta gaji halinsa na yi wa mutane bayani ba tare da faɗa ba. Da cikin nata take bi gida-gida tana roƙon a ja katanga baya ko da taku ɗaya. Mutum guda ya amsa, ya rushe tasa. Saura gida shida, watan haihuwarta kuwa ya kama.