Muryar da Ta Ce In Gudu

Ranar Laraba ce, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, ana dab da zaɓe. Muna idar da sallar asuba muka ɗaura doki a injin matse rake, a fadamarmu ta bayan Gubuchi. Baba na zaune gefen kaskon mazarƙwaila yana kwashe kumfa, don ciwon kurkunu ya kama masa ƙafa, ba ya iya takawa. Ni ne ɗansa na fari. Saboda alkunya bai taɓa faɗin sunana ba, sai dai "kai wannan".

Da hantsi muka ji rurin babbar mota. Ta tsaya. Sai ihu, sai ƙarar gora a kan ƙyaure. 'Yan bangar siyasa ne, suna bin gidajen waɗanda ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Hayaƙi ya tashi ta wajen rumbunanmu. Doki ya tsinke igiya.

Na ji an ce, "Iliya, gudu!"

Na gudu. Na faɗa cikin rake, ganye na yankar fuskata. Ban waiwaya ba. Da azahar na ji bindiga sau biyu daga nesa. Da la'asar na shiga Makarfi, ba hula ba takalmi. Washegari aka ce mini an tsinci gawar Baba gefen kasko.

Shekara biyu ban shiga sahu a masallacin garinmu ba. Ba wanda ya kira ni matsoraci, ni ke kiran kaina kullum. Abinci ya fita raina, magana ma haka. An sha rubutu, an yi turare, shiru. Kawuna ya kai ni asibiti a Zariya, wurin wani likitan ƙwaƙwalwa. Na zaci allura zai yi mini, ashe bawan Allah sarkin tambaya ne. Duk mako biyu sai ya sa in sake labarin tun daga asuba, daki-daki.

A zuwa na shida ya tambaye ni wa ya ce in gudu. Na ce wani ne. Ya ce wa ke fadamar ban da ni da Baba? Ba kowa. Ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, shi ya sa ban gane muryar ba.

Na yi kuka har rigata ta jiƙe. Juma'ar da ta biyo na shiga sahu, ban sunkuyar da kai don kowa ba.

Mun rasa rumbu uku, da doki, da Baba. Sau ɗaya ya kira sunana a duniya, kuma na yi abin da ya ce.