Atamfofin da Na Hana a Wanke

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina sayar wa 'yan kasuwar Jos abin da ba su son jin sunansa. Aikina inshora ne, ta shaguna da ɗakunan ajiya da manyan motoci: mutum ya biya kaɗan duk shekara, in gobara ko hatsari ya auka masa, kamfani ya mayar masa da abin da ya rasa. A takarda magana ce mai sauƙi. A bakin shago kuwa, sai an ce "Allah ya kiyaye" sau uku kafin a bar ki ki kai aya. Lokacin da na fara, in ban da mai buga tafireta ni kaɗai ce mace a ofishinmu, kuma duk baƙon da ya shigo ni yake miƙa wa takardarsa in buga masa. Na koyi karɓa da hannu biyu, in nuna masa inda ya manta sa hannu, sannan in gaya masa ni ce wadda ya zo nema.

Babban ɗan kasuwa na farko da ya amince da ni wani dattijon Alhaji ne mai sayar da atamfa a Titin Bauchi. Shekara biyu ina sintiri. Yakan sa a ba ni kujera, a kawo kunun zaƙi, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "'Yata, kin iya magana. Allah ya ba ki miji mai haƙuri." Ranar da ya sa hannu, ba na jin hujjojina ne suka ci shi. Tausayin takalmina ya ji.

Bayan shekara uku, ran wata Juma'a ana masallaci, wayar lantarki ta kama da wuta a silin ɗin shagon. Ba a rasa rai ba, amma kaya sun tafi. Ni ina Bukuru wajen sunan 'yar yayata, ga shi ba a fara wayar hannu ba, sai ran Litinin labari ya iske ni.

Ƙa'idarmu ita ce, in an yi gobara ba a taɓa komai sai mai duba ɓarna ya zo daga hedkwata ya gani da idonsa. Na gaya wa Alhaji haka tun ranar sa hannu. Maƙwabtansa ne ban gaya wa ba.

Na isa na tarar da shago fes. An kwashe toka da baro, an wanke daɓe, kafintan layin ya buga sabon kwano, wani ya shafe bango da farar ƙasa. Ban taɓa ganin alherin da ya tsorata ni kamar wannan ba.

"Baba, sannu da wannan abu. Allah ya mayar da alheri."

"Amin, 'yata. Kin ga aikin mutane? Ko tsintsiya ba su bari na riƙe ba."

Na koma ofis na gaya wa ogana, wani dattijo mutumin Kabong da bai cika ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Ran Alhamis mai dubawa zai zo daga Legas. Ba zai ce Alhaji ya yi ƙarya ba. Zai rubuta bai ga komai ba, kuma kamfani ba ya biyan abin da ba a gani ba."

Na sake komawa wajen Alhaji na tambaye shi ina ragowar kayan. Ashe duk turmin atamfar da wuta ta lasa ba ta cinye ba, matan unguwa sun raba gida-gida, za su wanke, su yanke inda ya ƙone, ko a sami abin sayarwa da araha. Na roƙe shi a yi sanarwa a masallaci a dawo da su yadda suke.

"A'a," in ji shi. "Mutane sun bar sana'arsu kwana biyu saboda ni. In miƙe a gaban jama'a in ce sun yi mini ɓarna? Gara in rasa."

"Baba, in ba a biya ba, da me za ka buɗe?"

"Da abin da na buɗe da farko."

Wato da babu. Shekarunsa kuwa sun wuce na sake kasa kaya a tebur.

Gidansa yana bayan layin, na shiga yi wa Hajiya jaje. Tana tsince shinkafa a faranti, na zayyana mata komai, ba ta ɗago kai ba sai da na gama.

"Ke da Alhajin duk kun cika son magana a bainar jama'a," in ji ta. "Gobe zan zaga ban gajiya. Ki zo da mayafi, ki bar jakar nan taki mai kama da ta masu karɓar haraji."

Haka aka yi. Ran Talata da Laraba muka bi gidajen da suka yi hidima, yawancinsu gidajen da babu namijin ofishinmu da zai wuce zaure. A kowanne sai mu yi sallama, mu zauna, a gaisa har kan jarirai, Hajiya ta yi godiya ta sa albarka. Sai mun miƙe muna neman takalma take juyowa kamar yanzu ta tuna.

"Af, wannan 'yata ce, ma'aikaciyar kamfani. Wai wani baƙo zai zo daga Legas, shi ba ya yarda da magana sai ya ga ƙuna da idonsa. Ku ara mana kayan nan yadda suke, kwana ɗaya."

Laifi duka ya koma kan mutumin Legas, wanda ko jakarsa bai haɗa ba tukuna. Aka yi ta yi masa addu'ar shiriya.

A wani gida muka sami tsohuwa ta riga ta zuba omo a baho. Na riƙe turmin, ta riƙe.

"Sakar mini, yarinya. Ba za a kai wa baƙo datti daga gidana ba."

"Inna, dattin muke so."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta dubi Hajiya. "Wannan ce kika ce ta yi jami'a?"

Ta dai sakar mini, har ta haɗo da ƙyallayen da ta yanke, waɗanda ta aje don hura gawayi. Mama mai dankalin Turawa, wadda teburinta ke jikin shagon, ita ta kai nata har gidanta a Kabong, ta wanke tas, ta goge, ta ninke. Da ta ji bayani ta tafa hannu. "To ni zan zo da kaina. In bai ga ƙuna ba, zai ji a bakina."

Ran Alhamis baƙon ya sauka da kwat da laktaye, ya sami tabarmi shimfiɗe a gaban shago, atamfofi jere a kai, wasu rabi, wasu baki kawai ya rage, ƙauri yana tashi. A bayansu mata sun zauna sun zuba masa ido. Ya tambaye ni su wane ne, na ce shaidu. Ya juya turmi ɗaya bayan ɗaya, ya shinshina, ya hau benci ya kankare farar ƙasar da makullin mota, baƙin hayaƙi ya bayyana a ƙasa. Mama ta ba shi labarin gobarar tun daga hayaƙin farko, da Turancin kasuwa, ba tare da ya tambaya ba. Ya cika shafi uku. Bayan 'yan makonni aka biya.

Daga nan na ɗauki ɗabi'ar da na riƙe har na yi ritaya, na kuma koya wa waɗanda suka biyo bayana, mata da yawa a cikinsu yanzu: in mai shago ya sa hannu, ki gaisa da na damansa da na hagunsa, ki gaya musu in wani abu ya faru su kawo ruwa, tsintsiya ta jira.

Sati guda da sake buɗe shago, sai ga Alhaji a ofishinmu, karo na farko, yana haki saboda bene. Na miƙe na ba shi kujera, ina shirya yadda zan karɓi godiya cikin kunya.

"Hajiya ce ta aiko ni," in ji shi. "Ta ce gida huɗu kuka tsallake. Waɗanda ba su ɗauki atamfa ba, ruwa kawai suka ɗebo. Ta ce ke kika dinga jan ta da sauri."

Gaskiya ta faɗa. Na san gidajen, na kuma san dalilin da ya sa na wuce su. Na dubi oga, ya ɗaga mini hannu ba tare da ya bar abin da yake karantawa ba. Da la'asar ni da Hajiya muka shiga gida na farko, aka shimfiɗa mana tabarma, muka zauna har shayi ya huce, ba mu roƙi komai ba.