Sista Doris da Gonar Lami

Kullum da safe, kafin masu jinya su cika benci, Sista Doris takan buɗe wani tsohon kwali a ɗakinta na sashen masu damuwar ƙwaƙwalwa, a wani asibiti a nan Lafia. Hoton maciji ne a ciki, da guntuwar igiya, da saɓar da maciji ya tuɓe. Abokan aiki sun daɗe suna yi mata dariya, wai kayan bokanci. A watan nan ta yi ritaya.

Mutanen garin Adogi ba su yi dariya ba, domin sun ga abin da ya faru da ƴar garinsu Lami. Kububuwa ce ta sari ɗanta a gonar doya, a kan idonta. Yaron ya tashi, amma uwar ta daina shiga gona. Mijinta ya rasu, gonar nan ce abincin gidan, ga ciyawa tana cinye ta. Wanta Abdulsalami ya ce shagwaɓa ce, ya kaso maciji ya jefa gabanta don ta saba. Ta suma. Wannan jahilci ne, ko da ƙauna aka yi shi.

Da aka kai ta wurin Sista, ko sunan maciji ba ta iya faɗa, sai dai "igiyar ƙasa". Daga nan aka fara. Sista ta koya mata jan numfashi a hankali har ƙirji ya lafa, sannan sunan, sannan hoton daga bakin ƙofa, igiyar, saɓar a tafin hannu. In Lami ta ce ya isa, an tsaya. Daga baya Sista ta hau babur ranar hutunta, ta sa dogon takalmin roba, suka tsaya tare da Lami a bakin gona.

Ke ce mai haƙurin da muka rasa, Sista. Mu da muka iya karin maganar wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, ba mu taɓa tambayar yadda za a yi masa magani ba.

Ranar bikin sallamar Sista daga aiki, Lami ta sauke doya a gabanta.

"Mama, har yanzu ina tsoron maciji fa."

"Ci gaba da tsoronsa, ƴata. Wa ya ce ki so shi? Daga ina doyar nan?"

"Daga gonata."

Mun gode, Sista Doris. Ku kuma masu matsoraci a gida, ku daina dariya, ku kama hannunsa.