Layi Goma Sha Ɗaya na Baba

A Parakou na fara aiki, a wani ƙaramin kamfani a unguwar Ladjifarani mai haɗa akwatunan sarrafa famfon ruwa na hasken rana. Kowane akwati da 'yar kwamfutarsa mai aiki da tsarin Linux. Mutum ɗaya ne ya iya girka mata manhaja, wani dattijo ɗan Djougou da muke kira Baba. Komai yana cikin tsohuwar kwamfutarsa da kansa. Ranar da mura ta kama shi, kamfani ma ya kwanta.

Maigidanmu ya ce in raba aikin hawa-hawa: na allon na'ura daban, na Linux daban, namu na famfo a sama, sannan in sa wata kwamfuta ta riƙa haɗa su da kanta, ta gwada, duk sanda aka canza wani abu. Ni kuwa lokacin kaina na hayaƙi. Na tambayi Baba ko akwai abin da ya rage a wurinsa.

"Kin kwashe duka, 'yata," in ji shi, yana kallon taga.

Gwaji ya yi kyau, muka aika da sabuwar manhaja wani ƙauye a Sérou. Bayan kwana huɗu aka kira mu: da azahar famfo yake tsayawa. Muka tafi tare da Baba, muka ƙarasa a kan babur. Mun tarar da mata zaune a gindin tanki da robobi wayam, wata tsohuwa tana yi wa jikarta fifita da murfin bokiti. Ba wadda ta zage mu. Da ma sun zage mu.

Baba ya dafa akwatin, ya janye hannu da sauri. Sannan ya zaro kile daga aljihun rigarsa, ɗan abin ajiyar bayanan nan, ya miƙo mini.

"Layi goma sha ɗaya ne na manhaja. Idan kwamfutar akwatin ta yi zafi, suna rage mata gudu. Na ɓoye miki, pardon. Na ga in na ba ki wannan, me ya rage mini?"

Na ce, "Haba Baba, wa zai taɓa ka?" Har zuciyata na faɗa.

Kafin la'asar ruwa ya zubo. Da muka koma na sa layukan a hawan allo, inda ya dace da su. Tun daga ranar kwamfuta ke haɗa komai ba tare da hannun kowa ba, ba ta mura, ba ta zuwa jana'iza Djougou.

Bayan wata biyar maigida ya sallami Baba, da godiya da atamfa ta matarsa. Ina wurin, ban tsaya masa ba, kuma har yau abin na cina.

Layukan suna nan. A samansu akwai bayanin da ya rubuta wa kansa, ban goge ba: "Kar a cire. Mutane na jiran ruwa."