Ramata Mai Tabarma

Faɗana da Ramata a ɗakin yara masu tamowa aka yi shi, a wani asibiti na garin nan Agadas, da hantsi, mata na kallo.

Jikana aka kwantar. Shekararsa ɗaya da wata huɗu, amma in ka ɗaga shi kamar ka ɗaga faifai. Ƙyanda ta kama shi, zawo ya biyo, suka wuce suka bar shi ba ci, ba kuka, ba motsi. An zura masa tiyo ta hanci ana ɗura madara. Likita ya ce tiyon ba zai rayar da shi har abada ba, in yaro bai karɓi abinci da bakinsa ba to sai addu'a. Kwana tara ina gefen gado, ni da uwarsa Suwaiba, matar ɗana Kabiru mai jan babbar mota a hanyar Dirku.

Sai ga wata doguwar mace da farar riga, ba allura a hannu, ba abin sauraron ƙirji a wuya. Tabarma ce naɗe a hammatarta, da kwandon gwangwanaye da ƴan tsanar tsumma. Kwana biyu tana zuwa ta zauna ta dube mu ta tashi. Rana ta uku ta durƙusa gabana.

"Inna, alfarma nake roƙo. Daga hantsi zuwa azahar ki riƙa zama waje, gindin itacen bedi."

"Waje? Ke wace ce?"

"Ramata. Pisikolog ce ni."

"Likita ce ke?"

"A'a."

"Ungozoma?"

"A'a, Inna. Ba na ba da magani. Ina saurare, ina kallo, wani lokaci ina wasa."

Na ce, "Lalle gwamnati ta ƙoshi. Ni na haifi takwas, na binne uku, na aurar da biyar. Ke da ban ga alamar goyo a bayanki ba, za ki kore ni daga kan jikana don ki kaɗa masa gwangwani?" Na faɗi wannan, na faɗi wasu da ba zan maimaita ba. Ta tsaya har numfashina ya ƙare, sannan ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Duk gaskiya ne, Inna. Amma kwana biyu ina kallo. Yaron nan yana neman idon uwarsa, ita kuwa bango take duba. Kuma don ke take duba shi."

Ɗan fari ne, ga shi sunan marigayi mai gidana ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba. Suwaiba ɗiyar mutunci ce, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta ko dubansa in babba na wurin. Ni da bakina na sha yabonta a unguwa a kan haka. Na ɗauki carbina na fita, ba don na yarda ba, don kada in mari farar riga a kira mini gardi mai tsaron ƙofa.

A gindin bedin nan wata mai jinya ta gaya mini ko ɗiyar wa ce. Ashe ta Nomau ce, mai garka, wato lambu, a Dabaga, wanda na shekara talatin ina sarin albasarsa ina kasawa a kasuwa. Uwarta Mariya kuwa mun sha cin tuwo ƙwarya ɗaya. Sauran labarin daga baya Ramata ta cika mini shi da kanta.

Ita ma ɗiyar fari ce. Tun da ta buɗe ido "ke" ta sani a bakin uwarta. Ana yaye ta aka miƙa ta ga kaka, ta tashi tana kora bijimin jan guga a bakin rijiya tana bin ruwa a fangalin shuka. Kanta na ja, aka kawo ta lakwal, makarantar boko, a birni. Tana shekarar ƙarshe ta lise, babbar sakandare, ciwon daji ya kama Mariya a nono. Likitoci su tsaya kanta su yi Faransanci su wuce, dangi su shigo su ce sauƙi ya samu. Wata rana Mariya ta ce da ita, ba ta dube ta ba, "Ke da kika yi lakwal, me suke cewa?" Ramata ta ji abin da suke cewa sarai. Ta ce, "Sun ce za ki warke." Uwar ta juya ga bango. Bayan kwana shida aka kai ta makwancinta, ba ta yi wasiyya ba, ba ta yi bankwana da kowa ba, ba ta kuma taɓa kiran sunan ɗiyarta ba.

Da Ramata ta tafi jami'a a Yamai kowa ya zaci likita za ta dawo. Da ta yi wa Nomau bayanin abin da ta karanto, sai ya ce, "Shekara biyar don ki koyi saurare? Ai jakina ma yana yi." Ta yi dariya, ta naɗe tabarmarta ta kama aiki.

Zaman gindin bedi ya nuna mini aikin nata, don mai zaman waje ya fi na ciki gani. Akwai wani dattijo mai ciwon sukari da ƙafarsa ta ruɓe, ya ce ko mutuwa zai yi ba mai yanke ta. Likitoci suka ce taurin kai ne. Ramata ta yi safiya uku tana zama da shi suna hirar raƙuma, har ya faɗi abin da ke cinsa: yana tsoron a jefa ƙafar a shara. Ta kira ƙannensa, ta kai su wurin mai fiɗa, aka yi alkawarin za a ba su ita su suturta su binne. Washegari ya sa hannu. Akwai wani saurayi da aka tsinto a sahara bayan motarsu ta mutu, jikinsa ya warke amma yana tara gorunan ruwa ƙarƙashin gado, wanda ya taɓa su ya ga hauka. Ta hana a ƙwace, ta ce shi zai mayar da su ɗaya ɗaya in lokaci ya yi. Matar da ta haihu ɗan bai zo da rai ba, ita ake kira mata. In za a gaya wa mutum mugun sakamako, tana tsaye gefen likita tana juya maganar zuwa Hausa ko Buzanci, kuma in likita ya fita ita ba ta fita. Har infirmiyoyi, ma'aikatan jinya, na ga suna shiga ɗan bironta, ɗakin aikinta, su fito da jan ido.

A gari ana ce mata likitar mahaukata, wasu in ta nufo gadonsu sai su ja mayafi. Takan ce masu taɓin hankali da nasu likita mai ba da ƙwaya, ita nata su ne waɗanda ciwon jiki ya danne wa zuciya. Tana da nata aibin fa. Ga naci kamar ƙuda, ga mantuwar cin abinci, shayinta kuwa ko baƙo ba ya iya yabonsa.

Ni dai kullum ina leƙe ta taga. Ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, ta ɗora Abba a cinyar uwarsa, ta kaɗa gwangwani, ta yi waƙa. Suwaiba a sandare, idonta a ƙofa. Kwana huɗu haka, aka aza yaro a ma'auni, ya ragu. Likita ya girgiza kai.

Ranar Ramata ta fito ta zauna kusa da ni a ƙasa, da farar rigarta.

"Na yi kuskure, Inna."

"Ai na gaya miki."

"Na fitar da ke daga ɗaki, amma har yanzu a gabanki take ganin kanta. Ni ba zan iya sauke mata wannan kunya ba, ba tawa ba ce. Ke ake yi wa."

"To so kike in lalata tarbiyyar ɗiyar mutane?"

"So nake ya sha madara da bakinsa. In kin san wata hanyar, gaya mini, wallahi zan bi."

Na nemi hanyar ban samu ba. Na ja carbi ya kai sau uku, sannan na tashi na shiga. Na zauna kan tabarmar nan, gwiwoyina na ƙara, na ce, "Suwaiba, kunyar da kika yi mini ta isa. Na karɓa, Allah Ya yi miki albarka, na yafe sauran. Dubi ɗanki."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan yaron.

"Kira shi."

"Inna, ba zan iya ba."

Shekara arba'in da ɗaya na zauna da mai gidana ban taɓa furta sunansa ba, ko bayan ransa. Na ce, "Alƙasum." Wata tsohuwa a gadon kusa ta dafe ƙirji ta ce, "Fulera, kin zare!" Na ce, "Ke ji da naki jikan." Na sake faɗa. A na ukun Suwaiba ta biyo ni, da murya kamar ta sauro.

Ba wai nan take ya tashi ya yi rawa ba. Da la'asar dai ya kai hannu ya kama ɗan kunnenta. Bayan kwana biyu ya tsotsi madara a cokali, ya tofar, ya fashe da kuka. Ramata ta yi ta tafa hannu kamar an ce mata ga Makka, ta ce kukan nan shi take jira. Kwana shida aka zare tiyo. Yau Alƙasum shi ke kwashe mini dabino a faifai ya gudu.

Tun daga nan Ramata ba ta wuce rumfata ba ta tsaya mun yi faɗa ba, ni in ce aikinta zaman banza ne, ita ta ce albasata ta yi tsiro. Ta yi aure a makare da wani malamin lakwal, bara ta haifi mace, aka sa mata Mariya. Ana gama arba'in aka mayar da mijin Dirku, ita ma ta nemi a kai ta can, ta ce masu fitowa daga sahara sun fi bukatarta.

Ana gobe za su tafi na je sallama, ganina da ita na ƙarshe ke nan. Na tarar da ita a ɗaki da uwar mijinta, jaririya kwance a gado tana wutsil-wutsil tana neman ido. Ramata, wadda ta koya wa rabin matan garin nan duban ƴaƴansu, tana zaune ta ƙura wa bango ido.

Na kama hannun uwar mijin na ce, "Hajiya, an ce kina da akuya mai nono, zo ki nuna mini." Na tura ta gaba, na juyo daga bakin ƙofa.

"Ramata, naɗe kunyar nan ki sa a hammata kamar tabarmarki. Uwarki ba ta kira sunanki ba, to ke kira nata. Kuma da ƙarfi, ina nan bayan labule, kin san kunnena ɗaya ya mutu."