Dakta Mika'ilu Ɗantsoho da Yaƙin Ɗura a Tudun Wada

Haihuwarsa

An haifi Mika'ilu a shekarar 1937 a Tudun Wada ta Zariya. Mahaifinsa, Malam Ɗantsoho, maɗinki ne a kasuwar unguwar, mahaifiyarsa Inna Kulu kuwa ungozoma ce wadda ta karɓi haihuwar rabin unguwar a hannunta.

Karatunsa

Bayan ya sauke Alƙur'ani a Gyallesu, ya shiga elementare a 1945, ya zarce midil, sannan Kwalejin Gwamnati ta Zariya. A 1958 ya tafi Ibadan karatun likita, ya kammala a 1964, aka tura shi Ingila a 1968 domin ya zurfafa ilimi a kan cututtukan maƙogwaro da hanyar numfashi ta ƙananan yara.

Aurensa

Ya auri Zinatu, 'yar Alhaji Nagoda na Tudun Jukun, a 1965, suka zauna shekara arba'in da ɗaya cikin rufin asiri.

Bincikensa

Ya dawo gida a 1971, ya kama aiki a asibitin koyarwa da ke Tudun Wada, daidai lokacin da arzikin man fetur ya buɗe, takwarorinsa da dama suka ajiye aiki suka koma kwangila a Kaduna da Ikko. Shi ma an yi masa tayin kujerar shugabancin wani kamfani a 1974, ya yi godiya ya ƙi, saboda wani al'amari da ya tsaya masa a rai. Ya lura cewa yara masu yawa da ake kawowa da ciwon huhu 'yan yaye ne, kuma ciwon kan dawo bayan an sallame su.

Shekara uku yana bin waɗannan yara har gidajen iyayensu, yana zama a zaure yana tambayar yadda ake ciyar da su, har ya tara bayanin yara ɗari huɗu da sittin. Abin da ya gano shi ne ɗura: uwa ta kwantar da yaro a cinya, ta toshe masa hanci, ta kwarara masa kunu a baki, sai wani sashe ya bi hanyar iska ya sauka a huhu. Wasu yaran ma tun asali suna da lalurar haɗiya, ana zaton ƙiwuya ce.

Wannan sakamako ya yi masa nauyi, domin Inna Kulu ce ta koya wa mafi yawan matan unguwar ɗura, shi kansa da ɗurar aka raine shi. Da ya yi mata bayani ta fusata, ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwarsa sai da ka. A ƙarshe ya roƙe ta ta zo asibiti, ya nuna mata hoton ƙirjin wata yarinya, Lauratu, wadda ke kwance a asibitin, kuma Inna Kulu ce ta yanke mata cibiya. Tsohuwar ta daɗe tana duban yarinyar tana fama da numfashi, sannan ta ce, "Da hannuna na koya musu, da ƙafata zan bi in hana su."

Daga 1977 har ƙarfinta ya ƙare, Inna Kulu ta riƙa shiga gidajen suna da ƙoƙo da cokali, tana nuna yadda ake zaunar da yaro a ba shi kaɗan-kaɗan. Da ya gabatar da bincikensa a taron likitocin yara a 1979, ya sanya sunanta a shafin farko, gaba da nasa.

Ƙarshen Rayuwarsa

Ya yi ritaya a 1997 bayan ya horar da likitoci masu yawa, amma bai daina duba yaran maƙwabta a zaurensa ba. Allah ya yi masa rasuwa ranar Laraba, 15 ga Maris, 2006, bayan gajeriyar jinya. Limamin da ya sallaci gawarsa, Malam Labaran, yana cikin yaran da ya ceta, domin lokacin da limamin yake ɗan shekara huɗu marigayin ya ciro masa ƙwayar gyaɗa daga hanyar numfashi. An binne shi a maƙabartar Tudun Wada bayan la'asar.

Ya bar matarsa Hajiya Zinatu da 'ya'ya biyar: Junaidu, Ummuhani, Kailani, Atika, da autarsu Dakta Ishatu. Allah ya jiƙansa, ya sa aikinsa ya zama sadaka mai gudana.