Neman Kicin da Nama Bai Taɓa Shiga Ba

A zamaninmu, da aka ba ni tallafin karatu zuwa Indiya, tambaya ɗaya mahaifina ya yi: "Akwai masallaci a can?" Aka ce akwai, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Yau waya tana nuna wa mutum ɗakin da ɗansa zai kwana tun bai hau jirgi ba, amma tsofaffi har gobe sun fi yarda da idon wanda suka sani.

Shi ya sa Kamala ta kira ni. Matar marigayi abokina Ramesh ce, wadda na ci girkinta duk zamana a Pune. Jikarta Mira ta sami tallafin digiri na biyu a Salford, kusa da Manchester a nan Ingila, ana jiran amsarta kafin mako ya fita, in ba haka ba a ba wani. Su kuwa gidansu ba a cin nama tun kaka da kakanni, kuma ɗakunan ɗalibai kicinsu na haɗaka ne. Tsohuwa ta kafe: ba inda yarinya za ta sai an samo kicin da nama bai taɓa shiga ba. "Kai ka je ka gani da idonka," in ji ta da Indiyanci.

Small Heath

Ina idar da sallar asuba na bar gidan ɗana da ke unguwar Small Heath, inda nake zaune, na hau bas zuwa tsakiyar Birmingham. Direban dattijo ne ɗan Pakistan. Na gaishe shi da Urdu, ya leƙo yana dariya: "Kai kuma a ina ka sato harshenmu?" Na ce sayensa na yi da yunwar ɗalibta.

Jirgin ƙasa zuwa Manchester tsaf yake, amma shiru kamar gidan makoki. A Indiya da tuni mai shayi ya ratsa taragon yana kirari. Nan sai da na taka da ƙafata na sayo, kuɗin kofi ɗaya ya isa a shayar da teburin mai shayi guda a Kano.

Salford

Na sauka ana yayyafi, na shiga jirgin cikin gari zuwa gidan Rabi, 'yar ƙanwata, akanta ce a can. Tun daga ƙofa ƙamshin farfesun kayan ciki ya tare ni. Na faɗa mata abin da ya kawo ni.

"Kawu, ai ga ɗaki nan ba kowa. Kuma namanmu duk halal ne."

"Ba yankan ne damuwarsu ba, naman ne."

"To kaza fa?"

"Ita ma."

"Kifi?"

"Har ƙwai."

Ta ajiye ludayi. "Ikon Allah! Ashe Zainab tana da dangi a duniya."

A ranar na ji abin da Rabi ta daɗe tana ɓoye wa 'yan'uwa saboda kunya. 'Yarta Zainab, mai aiki a kantin magani, ta bar cin nama tun tana uni. Ko na layya ba ta taɓawa. "Vegan wai take, Kawu, ba ta cin duk abin da ya fito daga dabba. Na yi faɗa, na yi addu'a, na gaji." Na ce ta ɗauko makullin mota.

Flat ɗin Zainab yana kusa da tsohuwar tashar jiragen ruwa, da ɗaki ɗaya da take neman wanda zai kama. Da ta buɗe ƙofa na ce, "Amarya, ashe ganye za ki riƙa ba ni in na tare?"

"Ai shi ya dace da haƙoranka, tsoho," ta ce da Hausarta mai ƙamshin Manchester.

Na kira Kamala ta bidiyo, ina yi musu tafinta. Ta sa aka buɗe firij. Ta sa aka ɗaga tukwane ɗaya bayan ɗaya, aka kifa su, aka nuna mata wuƙa da allon yanka. Ta tambaya ko uwar yarinya takan zo da abinci. Rabi ta ce, "Nakan zo da shi, a mota ake barinsa." Mira tana bayan kakarta, ta rufe baki da hannu, ba ta ko motsi. Tsohuwa ta sa aka buɗe mata kabad ɗin kayan miya.

"Yarinyar nan ba ta da kayan yaji," ta ce. "Mira za ta taho da su."

Komawa

Na kwana gidan Rabi, na rama da tuwo da miyar kuka da naman rago. Washegari kafin in sauka Birmingham saƙon Mira ya shigo, ta karɓi tallafin. Na isa gida da la'asar, na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni, na gode wa Rabi da saukar da ta yi mini.

Yanzu Mira tana karatunta, ita da Zainab tukunyarsu ɗaya. Rabi kuma ta daina ɓoye zancen 'yarta, in ta je wurinsu alala take kai musu, ba ƙwai ba kifi.